Ka Zo Mini da Bulucha

A shekarun da na riƙe muƙamin magatakardan ƙungiyar ɗalibai masu jin Hausa a birnin Lyon, wajibin da ke wuyana a bayyane yake: duk saƙon da ɗan ƙungiya ya damƙa mini, in isar da shi yadda aka ba ni, ba ƙari ba ragi, kuma a kan lokaci. Na riƙe wannan amana riƙon da har wasu suka ce ya yi yawa. Sau ɗaya tak aka sami tangarɗa, kuma ko da tsufa zai kai ni ga manta sunan unguwar da aka haife ni a Damagaram, wannan rana ba za ta fita daga kaina ba. Zan ba da labarinta da bakina, domin masu ba da shi a madadina sun yi masa ƙarin gishiri fiye da kima.

A tsakiyar shekarun 1980 ne. Ina karatun tarihin ƙasashen Turai, kuma in faɗi gaskiya, ina ji da kaina. Ko burodi zan fita saye sai na ɗaura karabat, wato nektai, a wuya. Idan ɗan ƙungiya ya makara a taro, sai na rubuta sunansa, na karanta shi a taro na gaba da murya mai nauyi kamar ana sanar da rasuwa.

Ina da aboki Bakano. Ya riga ni zuwa Faransa, ya yi shekaru a wani tsohon gidan haya a unguwar Guillotière, daga baya ya koma Paris don ya kammala kundin digirinsa na dakta. Bincikensa a kan kududdufan birnin Kano ne, abin da ya sa nake kiransa Malam na Kududdufi, shi kuma yana kirana Mushe Sakatare, wato monsieur ɗin Faransawa a bakin Bahaushe. Shi Bakano, ni Badamagare, kowa ya san wasan da ke tsakaninmu tun kakanni. Wani bambanci kuma da ban ba shi muhimmanci ba a lokacin shi ne, Hausarsa da Ingilishi ta yi maƙwabtaka, tawa kuwa da Faransanci.

Wata rana da hantsi aka kira ni ga telefon ɗin da ke baranda a gidan ɗalibai. Shi ne, daga ɗakin waya na bakin titi, ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Salamu alaikum, Mushe Sakatare. Gaisuwa sai mun haɗu, kwabbaina sun kusa ƙarewa. An sa ranar kare kundi, Asabar ce bayan azahar."

"Alhamdu lillahi! Ashe kududdufi zai yi dakta."

"Bar wasa yanzu. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo mini da Bulucha."

"Da wa?"

"Bulucha mana! Yana tsohon gidanmu, ƙasa, gefen matakala. Can na bar shi da zan taso. Ja ne, ya tsufa, amma da sauran ƙarfinsa. Ya daɗe a ɗaki bai ga rana ba, ka sa a ɗan gyara shi kafin ka taso. Kuma don Allah kada ruwa ya taɓa shi a hanya." Sai muryarsa ta sauka. "Na yi alkawari tsakanina da Allah, ba zan tsaya gaban malaman nan ba sai da shi. Ka gane?"

"Na gane sarai," in ji ni. Waya ta yi ƙit ta yanke.

Ina so mai karatu ya lura, domin adalci, cewa "da wa" na ce, ban ce "da me" ba, kuma bai gyara mini ba.

Na tsaya da kan telefon a hannu ina murmushi, domin na gane ɗin. Bulucha! Yadda bakin Bahaushe zai faɗi Blücher ke nan, tsohon kwamandan nan na Jamusawa mai farin gashin baki, wanda rundunarsa ta haɗu da ta Ingilishi suka karya babban sarkin yaƙin Faransawa a wani fili na ƙasar Beljiyam. Na rubuta jarrabawa a kansa, na kuma ci. To wa ke zaune a ƙasa, gefen matakala, a tsohon gidan abokina? Wani dattijo Bajamushe, ja jawur, mai farin gashin baki, mai tafiya a miƙe kamar an sa masa sanda a riga. Tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu aka kawo shi Faransa a matsayin fursuna, da aka sallame su bai koma ba, ya auri Bafaranshiya, ya yi aikin masana'anta har ya yi ritaya. Matar ta rasu, 'ya'ya babu. Ɗalibai suna ce masa Baba Bajamushe, kuma na san abokina ya koya masa dara, suna bugawa duk Lahadi. Ja, tsoho, da sauran ƙarfi, ya daɗe bai fita ba. Wace alama ce ta rage? Abin da kawai ya ɗan sosa mini rai shi ne, yaya aka yi mai nazarin kududdufi ya riga ni ƙirƙiro laƙabi mai zurfin tarihi haka.

Da yamma na sa kwat na tafi. Na ƙwanƙwasa, dattijon ya buɗe da cokali a hannu. Na tsaya a bakin ƙofa na isar da saƙo da Faransancin da ake rubuta wa minista.

Ya dube ni ya daɗe. "Ni? Ni ya ce?"

"Ku ɗin nan. Ya ce ba zai tsaya gaban malamansa ba sai da ku."

Ya ajiye cokalin, ya nemi kujera ya zauna. Ya ce tun da matarsa ta rasu babu wanda ya aiko a kira shi sai asibiti. Ya ce Paris sau ɗaya ya taɓa ganinta, ta tagar jirgin da ya kwaso fursunoni, kuma tagar ba ta da faɗi. Ya ciro hankici ya share ido, ya ce mura ce. Ni kuwa na ce a raina lalle Bakanon nan ya fi ƙarfin yadda nake ɗaukarsa.

Saura gyara. Na yi tunani a kan wannan umarni sosai, domin ba abu ne mai sauƙi ba ka ce wa dattijo an ce a gyara shi. A ƙarshe na ce masa al'adarmu ce babban baƙo ya ga wanzami kafin biki, kuma ƙungiya ce ke ɗaukar nauyi. Na kai shi wurin mai aski, aka rage suma, aka daidaita gashin baki, aka fesa masa turare. Ya fito yana ƙyalli.

Ranar Asabar da sassafe aka wayi gari da ruwan sama. Na tuna umarni na ƙarshe, na riƙe masa laima tun daga ƙofar gida har cikin tashar jirgi. Yana cewa, "Matso mana, yaro, kana jiƙewa," ina cewa, "An hana ruwa ya taɓa ku." Na shiga jirgi kafaɗa ɗaya sharkaf, shi kuwa ko ɗigo babu a kwat ɗinsa.

Sabon jirgin nan ne mai launin lemo, mai gudun da gonaki ke wucewa kamar ana jan tabarma. A hanya na kasa haɗiye ilimina. Na gaya masa sunan da abokina ke kiransa da shi, na kuma ɗora da tarihin kwamandan tun daga ƙuruciyarsa, kamar shi ba Bajamushe ba ne. Ya yi dariya har sarƙar mabuɗan da ke aljihun falmaran ɗinsa tana kaɗawa.

"Ni kwamanda? Ni da duk yaƙin ban wuce feraye dankali a kicin ɗin soja ba!" Amma na ga ya ƙara miƙe wuya, ya shafa gashin baki.

Abokina yana sauke a unguwar Belleville ta Paris, gidan kawunsa, wani Alhaji mai fataucin leshi da turare, wanda ɗakunansa ke saman kantinsa. Tun daga matakala ƙamshin miyar da matarsa Hajiya ke yi don walima ya tare mu. Abokina da kansa ya buɗe ƙofa. Ya sha kwat baƙa, farar taguwa, karabat a ɗaure daidai. A ƙafarsa kuwa safa ce kawai.

Da ya ga dattijon sai fuskarsa ta buɗe da mamaki da murna. Ya rungume shi, ya shigar da shi, ya zaunar da shi a kujera mafi kyau. Sannan ya juyo gare ni, ya dubi hannuna na dama, laima ce. Ya dubi na hagu, jakata ce ta takardu. Ya ce da Hausa:

"Sannu da hanya, Sakatare. Ina Bulucha?"

Na nuna da tafin hannu, cikin ladabi. "Ga shi nan a gabanka. An gyara shi, kuma ruwa bai taɓa shi ba."

Abokina ya dubi dattijon, ya dube ni, ya sake duban dattijon. Alhaji, wanda ke zaune a kan ƙunshin leshi yana jan carbi, shi ya fara fahimta. Na ga cikinsa ya soma rawa a ƙarƙashin riga. Ya toshe baki da hannun riga, ya miƙe ya faɗa kicin, muka jiyo shi yana tari yana salati.

"Sakatare," in ji abokina a hankali, kamar mai magana da marar lafiya, "takalmi ne."

"Wane takalmi?"

"Takalmin babana. Yana cikin ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakala, a kwali."

Na ce wannan ba daidai ba ne. Na ce sunan da ya ambata sunan babban kwamanda ne da ke cikin kowane littafin tarihi, kuma ina iya kawo shafi.

"Kwamanda ko sarki, a gidanmu igiya ake ɗaura masa."

Sai ya gaya mini abin da ya ɗauka ya taɓa gaya mini, alhali magatakardan da ya gabace ni ya gaya wa. Mahaifinsa masinja ne a ofishin Turawa a Kano, bai taɓa shiga aji ba. Da Baturen da yake wa aiki zai koma gida, ya bar masa takalmi ja mai igiya, irin wanda Ingilishi ke kira blucher. Tsoho ya ji sunan a bakin Bature, ya mai da shi bulucha, gida duka suka ɗauka. Ba ya sa shi sai babbar rana. Da shi ya raka ɗansa makaranta ranar farko, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Da ciwon ajali ya kama shi, ya sa aka ɗauko takalmin ya ba ɗan, ya ce: ni na tsaya da shi a bakin ƙofa, kai ka shiga da shi ciki, ranar da za ka tsaya gaban manyan malamai.

Da ya kai nan sai ya sunkuya yana kallon safarsa. Ni kuwa ruwan da ke kafaɗata ya fara yi mini sanyi.

Dattijon, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba amma ya ga fuskoki sun sauya, ya tambaya da Faransanci ko akwai matsala, ko zuwansa ya kawo damuwa. Na buɗe baki, domin ɗabi'ata ce in amsa tambaya da cikakken bayani. Abokina ya taka mini ƙafa da safarsa. Ya je ya durƙusa gaban dattijon, ya kama hannuwansa biyu.

"Baba, gardama muke yi a kan wanda zai zauna kusa da ku. Na gode da kuka zo. Da ba ku zo ba, da ranar nan ba ta cika ba."

Ni mutum ne da ba na son ƙarya ko ta wasa. Amma na sha juya wannan magana a raina, kuma har yau ban gano inda ƙaryar take ba, in ban da gardamar kujera.

Alhaji ya dawo yana share hawaye. Ya ce a sayi wani takalmin a ƙasa, kantuna sun buɗe. Abokina ya girgiza kai, ya ce alkawari ya yi da Allah, ba da kanti ba. In ta kama zai je ya ce wa malamai a ɗage ranar, ko da hakan na nufin wata shekara da kuɗin karatun da ya riga ya ƙare. Alhaji ya daina dariya. Ya koma kan leshinsa ya zauna.

"Tsaya, ɗana. Me ka ce a alkawarin? Faɗa mini yadda ka faɗa."

"Na ce ba zan tsaya gabansu ba sai da shi."

"To a wurin nan naku, tsaye ake yi ko zaune?"

Nan ne ilimina ya yi amfani karo na farko a ranar. Na bayyana cewa ɗalibi zama yake yi a gaban ɗan tebur, malamai su yi ta yi masa tambayoyi har yamma, sannan a fitar da kowa su yi shawara. Sai an dawo za a faɗi hukunci ne kowa ke miƙewa tsaye.

"Shi ke nan," in ji Alhaji. "Zama ba tsayuwa ba ne, ko a salla kowanne da hukuncinsa. Ka sa nawa takalmin, ka riga su shiga ka zauna. In sun shigo ka ɗan ɗaga kamar mai ciwon baya, Turawa suna tausayin ciwon baya." Ya juyo gare ni. "Kai kuma Badamagare, jirgin da ya kawo ka bai huce ba tukuna. Da ka kawo mana mutum, yanzu je ka kawo takalmi. Kada ka dawo mana da mai gidan haya."

Na sauka da gudu. Ina kan titi na ji abokina ya buɗe taga yana ƙwala mini wata kalma. Ban tsaya ba. Na ɗaga masa hannu alamar na gane, na faɗa ramin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Kalmar da ya ƙwala, sai da na isa Lyon na tsaya gaban ɗan ɗakin ajiya na ji ta da kyau a kunnena. Mabuɗi. Ƙofar tana nan gefen matakala, kamu ɗaya tsakaninta da ƙofar dattijon, da ƙaton kwaɗo a rataye. Mai gidan ba a garin take zaune ba. Mai riƙe mabuɗin kuwa na san shi: na kai shi aski, na riƙe masa laima, na ga sarƙar mabuɗansa tana kaɗawa a jirgi, na kuma ajiye shi da hannuna a Paris.

Na ɗan tsaya ina tunanin doka. Ni ne na rubuta wa ƙungiya sashen da ya hana ɗan ƙungiya taɓa kayan gidan haya ba da izini ba. Sannan na fita na shiga kantin wani Balaraben Aljeriya da ke kusurwa, na roƙi aron ƙarfen da yake ɓalle akwatuna da shi. Ya dubi karabat ɗina, ya dubi gumin da ke fuskata.

"Ɗan'uwa, sata ce ko ceto?"

"Ceto ne."

"Wa ke ciki?"

"Wani kwamanda," na ce, domin na gaji da bayani.

Kwaɗon ya fi ni taurin kai. Kafin ya saki na fasa ɗan yatsa, na yaga hannun kwat, jirgi ɗaya kuma ya tafi ya bar ni. A cikin kwali, naɗe da tsohon zane, na same shi. Ja ne. Ya tsufa. Fatarsa ta yi layi-layi kamar goshin dattijo, an sake masa ƙasa ba sau ɗaya ba, dunduniyar ta cinye ta gefe guda. Yana da kunnuwa biyu a sama da ake haɗewa da igiya. Duk abin da abokina ya faɗa a waya gaskiya ne, ko kalma ɗaya bai ƙara ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Babu lokacin kai shi wurin mai gyara. A jirgin komawa na ɗora shi a cinya ina goge shi da hankicina, wata mata da ke fuskantata tana leƙena ta saman jaridarta. Duk hanyar fushi nake yi da Ingilishi. Daga baya na bincika a manyan ƙamus, na tarar abin ya wuce yadda nake zato. An ce kwamandan ne ya sa aka ɗinka wa sojojinsa takalmi mai buɗaɗɗen sama don su riƙa sa shi da sauri, Ingilishi suka ga takalmin ya yi musu, suka ɗauki sunan mutumin suka cire masa ɗigo biyun da ke kan wasalinsa, suka rage masa babban baƙi, suka jefa shi ƙarƙashin gado. Kuma ba don shi baƙo ba ne: nasu kwamandan da suka ci yaƙin tare, shi ma sun raɗa wa takalmin shiga taɓo sunansa. Mutum biyu suka juya tarihin Turai a yini ɗaya, dukansu suka ƙare a ƙafar jama'a. Faransawa kuwa, waɗanda aka kayar, ba sa kiran takalmin da wannan suna ko da wasa, shi ya sa duk karatuna a ƙasarsu ban taɓa cin karo da shi ba sai a kan doki.

Da na fito metro a unguwar jami'a ruwa ya sake saukowa. Laima tana Belleville. Na cusa takalmin a cikin kwat, na rungume shi a ƙirji, na yi gudun da ban taɓa yi ba tun ina ɗan makarantar firamare.

Na hau bene na tarar da baranda cike da mutane, ƙofar zauren a rufe. An gama tambayoyi, malamai suna shawara. Kowa na tsaye sai mutum ɗaya: abokina yana zaune a kan benci, da fararen takalman Alhaji masu tsini a ƙafarsa, idonsa a kan matakala. Dattijon na gefensa riƙe da kundin a ƙirji kamar jariri. Alhaji ne ya fara hango ni.

"Ga shi nan! Allah ya sa ba wani Baturen ya ɓoye a riga ba."

Na ciro takalmin na ajiye a gabansa. Abokina ya zare na Alhaji, ya zura ƙafa, amma igiyar ta ƙi ɗauruwa. Sai na durƙusa a kan daɓen jami'ar Paris, da yagaggen kwat da jini a yatsa, na ɗaure masa, ɗaya bayan ɗaya. Ina jan igiya ta biyu aka buɗe ƙofa.

Ya miƙe. Takalmin ya ɗan yi masa yawa, kuma yana ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, a kan katakon zauren, har shugaban malaman ya leƙo ta saman tabarau. Ya tafi har gaban teburinsu ya tsaya. Aka karanta hukunci, aka ba shi digirin da yabo mafi girma. Mutane suka yi tafi. Shi kuwa bai dubi malamai ba, bai dube mu ba. Ƙasa yake kallo, leɓɓansa na motsi, kuma duk wanda ya taso a gidan Musulmi ya san abin da yake karantawa da wanda yake karanta wa.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma a wurin walima, ana cikin cin tuwon shinkafar Hajiya, dattijon ya tambayi inda na shiga duk yinin, ga shi an ce masa ni ne mai rubuta abin da ya gudana. Alhaji ya amsa masa da Faransancinsa na kasuwa cewa an aike ni ɗauko ɗauki daga nesa. Dattijon ya ajiye cokali, ya ɗaga yatsa.

"To ai shi ne kwamandan, ba ni ba! A makaranta an koya mana: ranar yaƙin nan taɓo ya tsare shi a hanya, bai iso ba sai da rana ta yi sanyi, kowa ya fid da rai. Ya makara, amma ya zo." Ya dafa kafaɗata. "Yaro, sunan ya fi dacewa da kai. Na ba ka shi."

Alhaji ya sa aka fassara masa sau biyu don daɗi. Kafin a kwashe kwanuka, babu mai kirana Sakatare.

Dattijon ya rayu wasu shekaru bayan haka, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa. Da na kai masa sabon kwaɗo na amsa cewa ni na fasa tsohon don ɗauko takalmi, ya dube ni ya daɗe, gashin bakinsa na ɗan motsi, sannan ya ce, "Takalmi ne mai kyau." Ko ya gane, ko bai gane ba, ya tafi da amsar. Hoton da aka ɗauka a ranar, shi da abokina a gaban zaure, yana rataye a bangonsa har ƙarshe.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya yi mini tsada. Kalma ba ta zama inda littafi ya ajiye ta. Tana fita yawo, ta shiga bakin Bature, ta faɗa kunnen masinja a Kano, ta zama wasiyyar uba ga ɗansa, kai kana can kana haddace shekarar da aka haifi mai sunan. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji bakina zai ce "na gane", sai in sake tambaya, ko da mai tambayata yaro ne.

Sai dai akwai haƙƙina da ya rage. Sunan ya biyo ni gida. Abokan aiki sun kira ni da shi har na yi ritaya, ɗalibaina sun raɗa shi a bayan idona, abokina Bakano yana rubuta shi a bayan ambulan, yanzu kuma jikokina sun ɗauka, ba tare da sun san daga ina ya fito ba. Saboda haka ina gabatar da wannan koke ga 'yan tsohuwar ƙungiyarmu da Allah ya bari da rai: a zauna, a binciki al'amarin daga tushe, a raba laifi ga masu shi gwargwadon rabon kowa, sannan a janye wannan suna daga kaina. Idan kuma masu bincike suka ga ya riga ya zauna, ba zai ciru ba, to ina neman a rubuta, a sa hannu, a karanta a gaban jikokina, cewa kwamandan ake nufi, ba takalmin ba.